Tambaya da Amsa: Sitiyarin Wasa da Sitiyarin Gaske

Wasiƙun da suka taru a wannan wata, musamman daga Katsina da Daura, sun karkata ga wasannin tseren mota na kwamfuta, irin tseren da ake kira rali, wanda ake sakin motoci ɗaya bayan ɗaya a kan burji ko kwalta ko ƙanƙara, kowace tana fafatawa da agogo maimakon motar da ke gefenta. Na zaɓi shida, na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka sallama. Ni direba ne, na shafe fiye da shekara 20 ina jigilar fasinja tsakanin Katsina da Daura ta Mashi, na sha bin burji da yashi zuwa kasuwannin ƙauye, kuma ban taɓa kifar da mota ba, alhamdu lillahi. Kwanan baya ɗana ya kai ni wurin abokinsa mai wani wasan tsere da ake bugawa da sitiyari da birki da totur. Na zauna da yaƙinin zan koya musu tuƙi, amma a kwanar farko na faɗa rami, a ta biyu na rungumi bishiya, yaran da ko lasin ba su da shi suna ta dariya. Shin wasan ne ƙarya, ko kuwa duk shekarun nan ban iya mota ba? Daga wani direba, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, ka iya mota, kuma wasan bai yi maka ƙarya ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙwace maka kayan aikin da ka fi dogara da su ba tare da ka sani ba. Direban gaske ba da ido yake fara sanin cewa bayan motarsa ya soma zamewa ba. Kujera ce ke gaya masa, ta ƙugu da gadon baya, sannan akwai wata ma'auniya a can cikin kunne da ke jin juyawa da karkata tun kafin ido ya ga wani abu ya sauya. Ku mutanen Katsina, da kuka gaji kilisa da wasan folo tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo, kun san wannan a jikin doki: mahayi da cinyoyinsa yake jin cewa dokin zai kauce, ba sai ya sunkuya ya dubi kofato ba. To, a gaban allo kujerarka a kafe take. Labarin da jikinka ya saba samu nan take, yanzu sai ya biyo ta ido, kuma kafin ya iso mota ta riga ta juya.

Abu na biyu shi ne allo yana ɓoye gudu. Idan ka koma, ka dubi lambar da ke nuna saurin motar a daidai lokacin da kake shiga kwana, ina kyautata zaton za ka ga ta haura kilomita 100 a awa, a wurin da a zahiri, da fasinja a bayanka, ba za ka wuce 40 ba. Tsoro ne ke taka wa direba birki a hanya, kuma a wasa babu shi. Ga kuma wata ƙa'ida da wasanni masu kyau suke bi sau da ƙafa: idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ba sau biyu take ninkawa ba, sau huɗu ne, kuma a kan tsakuwa abin ya fi haka muni idan aka kwatanta da kwalta.

Sai kuma abin da ya fi muhimmanci, wato tuƙin rali sana'a ce dabam da tuƙin haya. Kai aikinka shi ne kada mota ta zame ko kaɗan. Direban rali kuwa a kan burji da gangan yake zamar da ita. Dalilin yana cikin nauyin mota da riƙon taya. Idan ka taka birki, nauyi yana komawa ƙafafun gaba, su danne ƙasa su ƙara kamu, baya kuma ya yi sakayau. Idan ka ba da wuta, nauyin ya koma baya, hanci ya yi sauƙi. Kowace taya tana da iyakar riƙon da za ta iya bayarwa, kamar kuɗin cefane ne, abin da ka kashe wajen birki ba za ka same shi wajen shan kwana ba. Shi ya sa wanda ya shiga kwana da gudu, ya danne birki, ya murɗa sitiyari a lokaci guda, zai ga mota ta ƙi juyawa ta miƙe da hanci zuwa bishiya, kuma ina zargin haka ta faru da kai. Gwani yakan rage gudu tun mota tana miƙe, ya juya sitiyari yayin da nauyi ke gaba, ya bar baya ya ɗan kwashe har hanci ya fuskanci mafita, sannan ya ba da wuta. A ƙasa mai laushi tayar da ta karkata tana haƙa ƙasa ta sami abin tokarewa, shi ya sa zamewar ke da riba. A kwalta kuwa zamewa asarar lokaci ce da cin taya. Direbobin Finlan da Suwidin ma sun shahara da wata dabara ta fara karkatar da mota zuwa ɓangaren da ba a nufa ba, sannan a fizgo ta, domin nauyin ya wurga baya cikin kwanar.

Yaran da suka yi maka dariya sun koyi wannan ne ta hanyar kifar da mota sau ɗaruruwa ba tare da sun biya bakanike ko sisi ba. Ka koma, ka zaɓi ƙaramar mota mai ja da ƙafafun gaba, ka sa kallon cikin mota, ka yi niyyar kai ta ƙarshen zango lafiya ko da a giya ta uku. Na yi imani cikin mako guda sanin hanya da haƙurin da ka tara za su fara aiki, domin yawancin yara ba su da ko ɗaya.

TAMBAYA: Yaya, muna da musu a ɗakin kwananmu na makaranta. Wasu sun ce DiRT Rally 2.0 ya fi kowane wasa kama da gaske, wasu sun ce EA Sports WRC, wani kuma ya dage a kan wani tsohon wasa mai suna Richard Burns Rally, hujjarsa ita ce shi ya fi wuya. Ka raba mana gardama. Daga wani ɗalibi, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Ƙanena, kafin a raba gardamar sai an gyara ma'aunin, domin hujjar abokin naku gurguwa ce ko da abin da ya zaɓa yana da ƙarfi. Wuya ba ita ce gaskiya ba. Ana iya ƙera wasan da motarsa ke santsi kamar an zuba mata kuɓewa a taya, kowa ya kasa, kuma ba ta yi kama da kowace mota a duniya ba. Motocin gasar gaske, masu ja da ƙafa huɗu da shokozoba mai tsadar gaske, suna da riƙo fiye da yadda mai kallo ke zato. Kyan hoto ma ba hujja ba ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne wannan: idan mota ta ƙwace maka, shin za ka iya faɗin dalili, kuma idan ka gyara dalilin za ta daina? Wasan da sababi ke haifar da sakamako a cikinsa kamar yadda yake a hanya, shi ne mai gaskiya.

Tarihin abin a taƙaice shi ne, tun a tsakiyar shekarun 1990 wasan Sega Rally ya fara nuna wa jama'a cewa mota tana sauya hali idan ta bar kwalta ta hau laka. A 1998 kamfanin Codemasters na Ingila ya fitar da Colin McRae Rally, da sunan direban Sikotilan da ya ci gasar duniya a 1995 da motar Subaru, kuma wannan zuri'a ce ta haifi DiRT Rally a 2015 da DiRT Rally 2.0 a 2019. Kamfanin EA ya sayi Codemasters a 2021, aka fitar da EA Sports WRC a 2023 (WRC shi ne gajeren sunan gasar rali ta duniya). Shi kuwa Richard Burns Rally, na 2004 ne, da sunan Baturen Ingila da ya ci gasar duniya a 2001, ya rasu a 2005 sakamakon ciwon daji a ƙwaƙwalwa yana da shekara 34.

Ga hukuncina. A wajen yadda nauyi ke yawo a jikin mota da yadda taya ke kamawa da saki, har yanzu ina ba Richard Burns Rally gaba, amma ba a siffarsa ta asali ba. Masu sha'awarsa, ciki har da wata ƙungiya da ta samo asali daga Hangari mai suna RallySimFans, sun shafe shekaru suna sabunta lissafin motsinsa, suna ƙara motoci da hanyoyi, har wasan da ya haura shekara 20 ya ƙi mutuwa. Hanyoyinsa matsattsu ne kamar na gaske, ba ya yafe kuskure, kuma yana da makarantar koyon tuƙi da ta cancanci a bi ta darasi bayan darasi. Aibinsa shi ne hotonsa ya tsufa, kuma girka shi a kwamfuta yana son haƙuri.

DiRT Rally 2.0 gwani ne a burji da laka. Ya kawo wani abu mai ma'ana, wato hanya tana lalacewa gwargwadon yawan motocin da suka riga ka bi, ta yi kwari da gurabun taya, kuma sai ka zaɓi taya mai laushi ko mai tauri. Wannan gaskiya ne a gasar duniya, inda motar da ta fara shiga zango take share wa na baya tsakuwa ta yi asarar lokaci. Amma a kwalta, misali a hanyoyinsa na Sifen, motar tana yin kamar tana juyawa a kan wani turke da ke tsakiyarta maimakon a kan tayoyi huɗu, kuma masu wasa da yawa sun koka da haka. EA Sports WRC ya gyara kwalta gwargwado, ya kawo zanguna masu tsawo ƙwarai da motocin gasar zamani, sai dai ya fito da matsalar sarƙewar hoto a kwamfutoci da dama, wanda a rali ba ƙaramin aibi ba ne.

Idan kuna son ku gwada da kanku maimakon ku dogara da ni, ku ɗauki mota mai turi da ƙafafun baya, irin tsohuwar Ford Escort, ku saki totur kwatsam a tsakiyar kwana ku ga ko baya zai kwashe. Ku sa taya biyu a ciyawar gefe ku taka birki, ku ga ko motar za ta ja gefe guda. Ku tsallake tudu da ƙafa a kan birki, ku ga ko za ta sauka da hanci. Wasan da ya amsa waɗannan daidai ya ci jarrabawa.

TAMBAYA: Malam, ina da gidan gem a Daura, yara suna yawan neman wasan mota. Ina tunanin sayen sitiyari. Shin ya zama dole, kuma wanne ya dace? Daga wani mai shago, kusa da Kusugu, Daura.

AMSA: Ɗan'uwa, ba dole ba ne. Ana iya gudu sosai da hannun wasa na yau da kullum, domin masu ƙera wasannin sun sa wani tsari da ke tausasa motsin ɗan yatsa, ya hana tayoyi juyawa fiye da kima idan ana cikin gudu. Sai dai wannan taimakon shi kansa ragi ne daga gaskiyar tuƙi. Amfanin sitiyari na ƙwarai ba siffarsa ba ce, injin da ke cikinsa ne, wanda ke mayar wa hannu martani: ya yi nauyi idan tayoyin gaba sun kama, ya yi sakwa-sakwa idan sun saki, ya fizgi hannu zuwa inda ya kamata idan baya ya zame. Wannan ne ke maye gurbin kaɗan daga abin da kujera ke gaya wa direban gaske. Saboda haka kada ka sayi mai araha da roba ko sifirin kawai ke dawo da shi tsakiya. Gara hannun wasa da shi.

Ga shago, inda hannuwa da yawa za su murɗa shi, Logitech G29 yana da juriya, yana aiki da PlayStation da kwamfuta, ɗan'uwansa G920 kuma da Xbox da kwamfuta. Thrustmaster T300 ya fi shi laushi saboda bel yake amfani da shi maimakon haƙoran giya. Masu haɗa sitiyari kai tsaye da injin, irin na Fanatec da Moza, sun fi duka, amma tsadarsu ba ta shagon unguwa ba ce. G29 yana juyawa digiri 900. Ka rage shi zuwa kamar 540 a wasan rali, domin hannu ya riƙa cimma mota idan ta zame. Ka ɗaure shi a tebur mai nauyi, ka tokare fedojin da bango, ka rufe shi da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, kuma ka sa masa na'urar daidaita wuta tunda da janareta kake aiki.

Akwai abin da ya fi sitiyari muhimmanci wanda ba a cika lura da shi ba, wato jinkirin talabijin. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin kusan mita 33 a daƙiƙa ɗaya, don haka idan allonka yana makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, yaro yana tuƙa motar da ta riga ta wuce inda yake gani da fiye da mita 3. Ka duba saitin talabijin ka kunna yanayin wasa, kuma ka fifita hoto 60 a daƙiƙa a kan ƙarin kyan hoto.

TAMBAYA: Mene ne amfanin mutumin da ke ta surutu yana kiran lambobi? Ni kashe muryarsa nake yi. Daga wata ɗaliba, Mai'aduwa.

AMSA: Ƙanwata, kin kashe rabin wasan. Wannan shi ne mataimakin direba, kuma a gasar gaske su biyun sukan bi hanyar a hankali kafin ranar tsere su rubuta kowace kwana da tudu da rami, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A wasannin Codemasters lambar tana nuna tsananin kwana: 1 matsattsiya ce ƙwarai, 6 kuwa kusan miƙaƙƙiya. Idan ya ce hagu 4, sannan 80, yana nufin bayan kwanar akwai mita 80 kafin abu na gaba, idan kuma ya gargaɗe ki kada ki yanke, akwai dutse ko kututture a cikin kwanar. Ki mayar da muryar, ki ɓoye alamomin da ke fitowa a allo, ki sa ya riƙa kira da ɗan wuri. Da farko za ki rikice, daga baya za ki ga kin fara taka birki saboda abin da kika ji, ba abin da kika gani ba.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 16 ya ce wasan nan ya koya masa mota, har yana neman makullin babansa. Gaskiya ne? Daga wata uwa, Sabuwar Unguwa, Katsina.

AMSA: Hajiya, a ɓoye makullin. Gaskiya ne wasa mai kyau yana koyar da wasu abubuwa: kallon nesa, rage gudu kafin kwana, da sanin dalilin zamewar mota. Akwai ma direba ɗan Arewacin Ailan, Jon Armstrong, wanda ya ci gasar duniya ta wasan WRC na kwamfuta a 2018, ya yi aiki da Codemasters, kuma yana tseren gaske. Sai dai shi ya riga ya san motar gaske kafin nan. Abin da wasan ba ya koyarwa shi ne duk abin da tuƙi a gari ya ƙunsa. Hanyar rali a rufe take, babu mai tahowa, babu ɗan acaba ko Keke da zai yanko, babu akuya, babu yaro mai tsallaka titi, kuma direbobinta suna cikin kejin ƙarfe da hular kwano da ɗamara mai madauri da yawa. Duk da haka gasar duniya ta soke rukunin motoci mafi ƙarfi, wanda ake kira rukunin B, bayan Henri Toivonen da mataimakinsa Sergio Cresto sun mutu a tsibirin Kosika a 1986. Hatsarin da nake ji wa yaro shi ne ya saba da maɓallin sake farawa, ya ɗauki jan hambirki abin burgewa, irin gangancin da muke gani a rakiyar amarya. Ya ci gaba da wasansa a ɗaki. Idan shekarunsa sun kai, a kai shi makarantar koyon tuƙi ya fara daga farko kamar kowa.

TAMBAYA: Duk hanyoyin da nake gani na ƙanƙara ne da dazukan Turai. Babu mai kama da ƙasarmu? Daga wani bakanike, Zango.

AMSA: Akwai, Malam. Gasar Safari ta Kenya, wadda aka fara a 1953, ta koma cikin jerin gasar duniya a 2021 a yankin Naibasha, kuma tana cikin wasannin WRC Generations da EA Sports WRC, amma babu ita a DiRT Rally 2.0. A matsayinka na bakanike za ka ji daɗin sanin cewa Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, ta cika tashoshinmu shekara da shekaru, ta ci Safari a 1975 da kuma 1978, ba don ta fi sauran gudu ba sai don ta fi su jure duka. Idan kuma sahara kake so, gasar Dakar ta sha ratsa Nijar ta Agadas da Tenere kafin ta bar Afirka, yanzu ana yin ta a Saudiyya tun 2020, kuma tana da wasanta mai suna Dakar Desert Rally, ko da yake wannan wani nau'in tsere ne na dogon zango da neman hanya.

A nan ne wasannin suka fi rauni, a ganina. Tsakuwa da laka sun samu kulawar shekaru, amma yashi mai zurfi, da wata ƙura mai laushi kamar gari da ake kira fesh-fesh wadda ke haɗiye mota a Kenya, har yanzu sun fi kama da hanya mai ɗan santsi da ja baya, alhali a zahiri taya nutsewa take yi, cikin mota ya zauna a ƙasa, matatar iska ta toshe, injin ya shaƙe. Amma dabarar da ka sani a hanyoyin ƙauyukan Zango da Baure tana aiki a wasan: ka shiga yashi da ƙarfinka, kada ka saki totur a tsakiya, kada ka murɗa sitiyari da yawa domin tayoyin gaba za su zama garma, ka bi sawun da aka riga aka yi. A gareji kuma, kafin ka fara zangon, ka ɗaga motar sama, ka sassauta sifirin da shokozoba, ka ɗauki tayar safaya biyu idan wasan ya ba ka zaɓi.